Kundin Aikin Murhu da Bututun Hayaƙi a Gidanmu na Zariya

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Yau aka yanke shawara a kan madafin gidanmu da ke cikin birnin Zariya, bayan an daɗe ana maganar gyaransa a fatar baki. Madafin ɗakin ƙasa ne mai rufin kwano, yana da ƙofa ɗaya da 'yar taga can kusa da rufi, kuma a cikinsa ne matan gidan uku suke karɓa-karɓar girkin mutum fiye da ashirin a kan murhun duwatsu uku. A da ana haɗawa da gas, amma tun da kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabo aka koma wa itace kacokan, aka bar tukunyar gas ɗin don ruwan shayi da ɗumamen safe.

Wanda duk ya shiga ya ɗaga kai zai ga kunkunniya ta sauko tana reto daga katakon rufi, bango kuwa daga daidai kafaɗa zuwa sama ya yi baƙi ƙirin, har yana maiƙo idan an shafa. Inna ta shekara da shekaru tana fama da tari da idanu masu zubar ruwa, ita kuma matar Yaya da goyo a bayanta take tuƙa tuwo, ta yadda fuskar jaririn takan tsaya daidai inda hayaƙin yake taruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin da ake shaƙa a cikin gidaje ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, daga cikinsu akwai yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000, kuma ciwon nimoniya yana cikin manyan hanyoyin da yake bi ya halaka ƙananan yara. Har yanzu mutum fiye da biliyan 2 ne suke girki a kan buɗaɗɗiyar wuta ko murhu mai hayaƙi, gidanmu kuwa yana cikin wannan lissafi.

An amince a gina murhun laka mai baki biyu, da bututun ƙarfe wanda zai fitar da hayaƙi ta rufi. Yaya ya ɗauki nauyin ƙarfe da aikin maƙeri, ni kuma na ɗauki magini da kula da aikin. Sharaɗi ɗaya na gindaya, wato ba za a kafa bututun da ba a yi masa hanyar shara ba, kuma ba za a kafa shi ba sai an san wanda zai riƙa share shi. Bututun da ya toshe ya fi rashin bututu haɗari, domin a lokacin mutanen gida sun riga sun saki jiki sun tura ƙofa, hayaƙin ya dawo musu, ga kuma abin da ya taru a cikinsa yana iya kamawa da wuta daf da katakon rufi.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, 2024

An kwashe tukwane da kwanuka zuwa rumfar tsakar gida, inda za a ci gaba da girki kafin a gama. Mun yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, sa'an nan muka kankare kunkunniyar da doguwar tsintsiya da ƙarfe, kowa da takunkumi a hancinsa, yara kuma aka kora su zaure. Da katakon rufi ya fito fili sai muka tarar biyu daga cikinsu, waɗanda suke saitin murhu, samansu ya riga ya zama gawayi, farce yana nutsewa a ciki. Katakon da ya daɗe yana shan zafi yakan kama da wuta a zafin da bai kai wanda sabon katako yake buƙata ba, saboda haka kafinta zai sauya su duka biyun.

Da yamma na je wurin maƙeri. Ya so ya naɗe mana bututun da ragowar kwanon rufi, ya ce, "Malam, ya fi araha, kuma ba ya tsatsa da wuri." Gaskiyarsa ce ta wannan fuska, sai dai kwanon rufi an shafe shi da tutiya, tutiya kuwa idan ta sha zafi mai tsanani tana fitar da tururin da ke jawo zazzaɓi da ciwon ƙirji ga wanda ya shaƙa, ga shi kuma kwanon ba shi da kaurin da zai jure wuta. Mun daidaita a kan baƙin ƙarfe mai kauri, faɗin inci 5, gaɓa uku da za a iya zarewa. Kowace gaɓa ta sama za ta zura bakinta cikin ta ƙasa, domin duk abin da ya narke ya gangaro ya tsaya a cikin bututun maimakon ya tsiyayo ta waje. A gindinsa kuma za a yi wata 'yar ƙofa mai murfi wadda za a riƙa kwashe dattin ta nan. Maƙerin ya ga ƙarin wahala ce, ni kuwa na ce masa tun ran gini tun ran zane.

Asabar, 30 ga Nuwamba, 2024

An gina murhun yau. Lakar jar ƙasa ce da yashi da ɓuntun shinkafa, an kwaɓa ta tun makon jiya an bar ta ta jiƙu, ana tattake ta kowace safiya. Amfanin ɓuntun shi ne yana barin ƙananan ƙofofin iska a jikin ginin, waɗanda ke hana lakar shanye zafin da ya kamata ya tafi ga tukunya. Baba magini bai auna bakunan murhun da igiya ba, tukwanen gidan ya sa aka kawo, babbar ta tuwo da ta miya, ya shafa musu ruwa ya nutsar da kowace a cikin ɗanyar lakar yana jujjuyawa har ta zauna daram, ba wata kafa a gefenta da hayaƙi zai bi.

Kan tsayin murhun ne aka yi muhawara. Mun tashe shi har kusa da gwiwa, sai Inna ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, ku rage masa tsayi. Mai tuƙa tuwon mutum ashirin a zaune take a kan kujera, kuma sai ta samu inda za ta dafa ƙafa ta danne tukunya." Aka rage. Na tabbata da an bar shi yadda muka so, da ba a yi wata guda ba an dawo da duwatsu uku tsakar gida, domin murhun da bai dace da muciya ba babu matar da za ta zauna a gabansa don a faranta wa masu gini rai.

A cikin ramin wuta an shimfiɗa ragar ƙarfe, itace ya kwanta a kanta, iska ta shiga ta ƙasa, toka ta zuba. Wannan yana cikin ƙa'idojin da wani injiniya ɗan Amurka, Larry Winiarski, ya tsara tun farkon shekarun 1980, cewa wuta ta samu iska daga ƙarƙashinta, a kuma killace zafinta, bakin itacen kawai ya riƙa ci. Daga ramin wuta hanya ta bi ƙarƙashin tukunya ta biyu, inda aka bar tazarar yatsa biyu tsakanin gindinta da laka, sa'an nan ta ɗan hau sama ta shiga gindin bututu. A Nijar an daɗe da sanin murhu mai tsimin itace, irin su Mai Sauƙi na ƙarfe da aka yaɗa a Yamai, amma shi rage cin itace aka nufa da shi, hayaƙinsa yana nan inda mai girki take.

Laraba, 11 ga Disamba, 2024

Iskar hunturu tana busar da laka da gaggawa, don haka aka lulluɓe murhun da jiƙaƙƙen buhu, duk da haka ya tsage a wuri biyu, aka cike da sabuwar laka. Yau aka kafa bututun. An yanke kwano aka fitar da shi ta tsakanin katako biyu, an kuma matsar da sababbin katakon har tazarar ta kai inci 18 ta kowane gefe, wadda ita ce tazarar da ake bai wa bututu mai ƙarfe falle ɗaya daga duk abin da ke cin wuta. A kan tsayinsa mun bi ƙa'idar da masu wannan sana'a suke bi a Amurka: ya haura inda ya huda rufi da ƙafa 3, ya kuma ɗara duk wani gini da ke cikin ƙafa 10 daga gare shi da ƙafa 2. Katangar maƙwabcinmu tana kusa, dole ta sa aka ƙara gaɓa ta huɗu, aka ɗaure ta da waya ta ɓangare uku saboda iska. An kifa masa hular ƙarfe a ka.

Juma'a, 27 ga Disamba, 2024

Murhun ya shiga aiki. An fara da ƙaramar wuta ta kirare har lakar ta gama bushewa, yanzu kuma a kansa ake duk girkin gidan. Idan wuta ta kankama mutum yana iya tsayawa cikin madafin ya yi magana ba tare da ya share hawaye ba, kuma miya tana dahuwa da zafin da a da yake tashi a banza.

Matsala biyu suka bayyana. Ta farko da asuba ce, lokacin da ƙarfen ya kwana cikin ɗari: hayaƙi ya ƙi hawa, sai ya yi ta fitowa ta bakin murhu. Bututu ba ya jan hayaƙi sai iskar cikinsa ta fi ta waje zafi, domin a lokacin ne take yin sauƙi ta tashi, ta jawo wata a bayanta. Maganin bai da wuya: a buɗe 'yar ƙofar gindin bututu, a kunna guntun kara ko takarda a ciki na ɗan lokaci, a rufe, sa'an nan a hura wutar murhu. Ƙofar madafi kuma a bar ta a buɗe, tunda iskar da ke fita ta sama sai an mayar da madadinta ta ƙasa.

Ta biyu ita ce ɗanyen itace. An sassare wata darbejiya a unguwa aka sayar mana da araha, itacen yana tsuwa a wuta, bakinsa yana kumfa. Itacen da aka sare yanzu kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wuta kuma sai ta ƙone ruwan kafin ta ci itacen, shi ya sa ba ta zafi sai hayaƙi mai kauri. Abin da ake nema shi ne damshinsa ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, har ma a Ingila tun watan Mayu na 2021 doka ta hana sayar wa gidaje itacen da ya wuce haka idan ƙananan ɗauri ne. Mu da muke da rana da iskar hunturu kyauta ba mu da hujja. An faskare darbejiyar an jera ta a kan duwatsu a jikin katanga, aka sayo busasshen marke. An kuma hana kunna wuta da leda da tsohon takalmin roba, al'adar da ta zama ruwan dare a gidaje, wadda hayaƙinta guba ne ga ƙirji, yana kuma manne wa ƙarfe.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Wannan bayanin ba na madafi ba ne, amma na aikin ne. Sanyi ya tsananta a makon nan, kuma daren jiya na tarar an kai wa Gwaggo kaskon garwashi ɗakinta, an saki labule, an tura ƙofa, jikokinta biyu suna kwance a gefenta. Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri a fitar da wutar nan kafin ki yi barci." Ta ce ai ba ta hayaƙi, gawayin ƙirya ne. Nan ne haɗarin yake. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kuma kama sinadarin jinin da ke ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin ɗin fiye da sau 200. Wanda yake farke yakan ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa sau da yawa ba ya farkawa, kuma irin iskar ce take kashe iyalan da suka kwana da janareta a cikin gida.

An tsayar da doka ga kowane ɗaki: ana iya jin ɗumi da kasko taga a buɗe, amma wuta ba ta kwana da mutum. Duk wanda aka samu yana jiri a ɗaki mai garwashi a fito da shi sarari nan take, a kai shi asibiti, kada a tsaya ba shi manja ko madara. An saya wa Gwaggo bargo mai kauri da safa.

Asabar, 18 ga Janairu, 2025

Yau aka yi sharar bututu ta farko, kuma abin da ya fito ya isa hujja ga duk mai shakka a gidan. An bar murhun ya kwana babu wuta, aka toshe bakunansa da jiƙaƙƙen tsumma, aka tara tsohon bokitin ƙarfe a ƙarƙashin 'yar ƙofar. Burushin na gida ne: wayoyin ƙarfe aka tattara aka ɗaure a kan doguwar gora, aka baje su har suka cika faɗin bututun. Ƙanena ya hau tsani ya cire hular, ya zura gorar yana sama yana ƙasa, ni ina riƙe da tsanin.

Dattin iri uku ne. Daga gaɓoɓin ƙasa baƙin gari ne mai laushi, wanda ya zubo da taɓawa ɗaya. Daga tsakiya ɓawo ne mai ƙaras-ƙaras da ke ɓallewa falle-falle. A gaɓar ƙarshe kuwa, wadda take tsaye a waje iska tana dukanta, abin ya daskare yana ƙyalli kamar kwaltar titi, burushi yana zamewa a kansa, sai da aka zare gaɓar aka sauko da ita aka kankare da ƙarfe. Hular ma ta ciki ta yi kauri har ta fara matse hanyar fita. Dalilin a fili yake: hayaƙin ɗanyen itace yana ɗauke da tururi da mai wanda bai ƙone ba, da zarar ya taɓa ƙarfe mai sanyi sai ya koma ruwa ya manne, gobe wani ya hau kansa. Wannan kwaltar makamashi ce. Ranar da aka hura babbar wuta harshenta ya kai gare ta, bututun da kansa yake kamawa, yana ruri, yana feso tartsatsi a kan rufi, zafinsa kuma yana iya haura digiri 1,000 a ma'aunin salshiyos. A cikin hunturu, ga zana ga tarin kara a gidajen maƙwabta, ba na son in yi tunanin inda abin zai tsaya. Masu sana'ar a Amurka suna cewa da kaurin dattin ya kai kimanin milimita 3 lokacin shara ya yi, namu na gaɓar sama kuwa ya wuce haka a cikin 'yan makonni, yawancinsa daga kwanakin darbejiya. Na shaida wa matan gidan cewa in har suka taɓa jin bututun yana ruri, su toshe bakin murhu da ƙasa ko yashi don a yanke masa iska, su fitar da yara, a kira 'yan kwana-kwana.

Yara sun so su taya mu, na hana. A shekarar 1775 wani likitan tiyata na Landan, Percivall Pott, ya lura cewa masu sharar bututun hayaƙi, waɗanda tun suna ƙanana ake cusa su ciki, suna yawan kamuwa da kansar fatar maraina, ya kuma danganta cutar da baƙin hayaƙin da ke zama a jikinsu. Sai bayan shekara ɗari, da dokar 1875, aka iya kawo ƙarshen sa yara wannan aiki a Ingila. Saboda haka mai shara a gidanmu babba ne, da takunkumi da safar hannu, kuma yana gamawa zai yi wanka da sabulu a wanke kayan dabam. Dattin an binne shi a rami, ba a haɗa shi da tokar da mata suke tacewa don miya ba.

Lahadi, 2 ga Fabrairu, 2025

An zauna da matan gidan a kan rabon aiki, kuma na ba su labarin bincike biyu. A tsaunukan Gwatamala an gwada murhu mai bututu a gidajen da ke da jarirai, sakamakon da aka wallafa a 2011 ya nuna hayaƙin da yara ke shaƙa ya ragu da kusan rabi, nimoniya mai tsanani kuma ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. A jihar Odisha ta Indiya kuwa, masu bincike Rema Hanna da Esther Duflo da Michael Greenstone sun bi gidaje fiye da 2,000 har shekara huɗu bayan an gina musu murhun laka mai bututu. A shekarar farko hayaƙin da masu girki ke shaƙa ya ragu, daga nan amfanin ya ɓace, domin murhu ya tsage ba a liƙe ba, bututu ya toshe ba a share ba, mutane suka koma wa tsohuwar wutarsu. Namu murhun bai fi nasu da komai ba, kuma abin da ya same su yana iya samunmu.

Ga yadda aka tsara. Wadda take da girki ita za ta kwashe toka kowace safiya a bokitin ƙarfe mai murfi, ta ajiye nesa da itace da zana, domin garwashi yana iya yin kwanaki da rai a cikin toka. Ranar Juma'a a ɗaga tukwane a share hanyar da ke ƙarƙashin tukunya ta biyu, inda toka take taruwa ta shaƙe murhun, a kuma liƙe duk tsagar da aka gani. Sharar bututu tana kan mazan gida, Asabar ɗin ƙarshen kowane wata, an rubuta a takarda an manna a zaure. Matar Yaya ta ƙara da cewa ita ce za ta fara sanin bututu ya cika, domin wuta takan yi kasala hayaƙi ya riƙa leƙowa ta gefen tukunya, kuma in ta faɗa kada a ce mata a jira ƙarshen wata. An karɓi wannan.

An duba tukunyar gas ma. Na shafa ruwan sabulu a bakinta da mahaɗar tiyo, sai ga kumfa tana tasowa a inda tiyon ya tsufa ya fara tsagewa, aka sauya shi a take. An fitar da ita daga madafi zuwa wuri mai iska nesa da murhu, tunda gas ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake bi har ya iske wuta. Kan rishon gas ɗin an wanke shi an gyara har harshen wutarsa ya koma shuɗi.

Asabar, 22 ga Fabrairu, 2025

An yi shara ta biyu yau, tunda ana sa ran ganin watan azumi a ƙarshen mako mai zuwa, lokacin da murhu zai riƙa aiki daga la'asar har sahur. Wannan karon gari mai laushi ne kawai ya zubo da ɗan ɓawo, babu kwalta a gaɓar sama, kuma ba a sauya komai ba illa itacen. Darbejiyar da aka jera tun Disamba ta fara tsattsagewa a bakinta, amma manyan faskaren suna da sauran nauyi, za a bar su sai bayan salla. A cikin azumi za a riƙa duba bututun duk mako biyu.

Sauran aiki uku ne. Inda bututu ya huda kwano yana buƙatar faranti na ƙarfe da zai rufe kewayensa kafin ruwan farko, in ba haka ba damina za ta zubo a kan laka, kuma ruwa in ya haɗu da baƙin hayaƙi yana cin ƙarfe da sauri. Ana neman na'urar da ke ƙara idan kabon monoksaid ya taru, mai aiki da batir, ɗaya don madafi ɗaya don ɗakin Gwaggo. Tarin Inna kuma bai tafi ba ko da yake idanunta sun daina ruwa, don haka Yaya zai kai ta asibiti ranar Litinin a duba mata ƙirji.